Daga Turancin Titi Zuwa Turancin Aji: Yadda Ake Bin Karatun ESL A Kwalejin Amurka

Na shekara biyu ina tsaron wani shagon kayan masarufi a Bronx, cikin birnin New York, kafin in taka ƙafa a kwaleji, kuma a raina na gama jin Turanci. Ina ciniki da shi, ina rigima da direban da ya kawo kaya a makare, har kwatance nake yi wa baƙi. Ranar da aka zaunar da ni gaban kwamfuta aka ce in rubuta ra'ayina a kan wata tambaya, sai na ga ashe da sauran rina a kaba. Layi shida na iya haɗawa, rabinsu Faransanci ne aka saka masa rigar Turanci. Da sakamako ya fito, mataki na biyu daga ƙasa aka ajiye ni, ni da na baro Damagaram da bak, shaidar gama sakandare ta Nijar, a hannu.

Daga baya na san cewa ba ni kaɗai abin ke samu ba. Wani masanin koyon harshe a Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da rarrabe harshen hira da harshen karatu: na hira kan zauna a baki cikin kamar shekara 2, na karatu kuwa yakan ci shekara 5 zuwa 7 kafin baƙo ya kamo 'yan ƙasa. A kan yaran makaranta ya yi aikinsa, amma duk babban da ya zauna a aji ya san maganar ta shafe shi.

Wannan bayani kan karatun ESL, wato ajin Turanci na baƙin harshe, na wanda ya riga ya sauka Amurka ne yana zaune, ko a New York, ko a Greensboro inda 'yan Nijar suke da yawa, ko wani gari. Wanda ke gida yana neman bizar ɗalibi hanyarsa daban ce: sai makaranta ta ba shi takardar I-20, kuma dokokin biza sun yi ta sauyawa a 2025, don haka ofishin jakadanci zai fara tuntuɓa.

Mataki na 1: Ka san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

ESL sunan duk wani ajin Turanci ne na wanda ba da harshen aka haife shi ba, kuma a nan ruɗanin yake, domin abu uku ne ke amsa sunan.

Na farko ajin manya ne na kyauta ko na kuɗi kaɗan, wanda ake yi a laburare, a cibiyoyin unguwa, da sashen ilimin manya na kwaleji. Laburaren birnin New York yana da irinsa kyauta, haka ma kwalejin GTCC da ke yankin Greensboro. Ana koyar da Turancin asibiti, na haya, na neman aiki. Idan ba ka iya haɗa jimla ba tukuna, nan ne wurinka, kuma babu kunya a ciki. Amma ba ya ba da kiredit, wato ma'aunin karatun da ɗalibi ke tarawa a kwaleji, ba ya kai mutum ga digiri. Na san wata Hajiya mai shagon kitso da ta shekara uku a irin wannan aji tana zaton kwaleji take yi.

Na biyu ESL ne na cikin kwaleji, na wanda aka ɗauka ɗalibi. Akan raba shi mataki-mataki, yawanci daga 3 zuwa 6 gwargwadon makaranta, da darasin karatu, rubutu, nahawu, sauraro da magana. Ana biyan kuɗinsa kamar kowane kwas, amma a makarantu da dama kiredit ɗinsa ba ya shiga cikin 60 ɗin da ake bukata don digirin shekara biyu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na uku shiri ne na nutso, inda ake wuni cikin Turanci. A jami'ar birnin New York, CUNY, sunansa CLIP: awa 25 a mako, ana iya yi har awa 900, kuɗinsa kaɗan ne, kuma sai CUNY ta ɗauke ka kafin ka shiga. Akwai shi a kwalejojin Bronx guda biyu, Hostos da Bronx Community College. Da na san da shi tun farko, da shi zan fara.

Mataki na 2: Takardu

Yawancin kwalejojin shekara biyu suna ɗaukar duk wanda ya gama sakandare. Za a nemi shaidar gamawa: bak da takardar maki ga ɗan Nijar, Chadi ko Kamaru, sakamakon WAEC ga ɗan Najeriya ko Gana. Takardar Faransanci ko Larabci sai an fassara ta a wurin mai fassara da aka amince da shi, fassararka ba ta karɓuwa. Wasu makarantu da kansu suke tantancewa, wasu su tura ka wurin kamfani irin WES ko ECE. Ka tambaya kafin ka biya kowa. Wanda ba shi da shaidar sakandare, jarrabawar GED ce ke maye gurbinta.

Abu ɗaya da ke cin mutanenmu shi ne suna. Mahamadou a fasfo, Mohamed a bak, Muhammad a katin zama. Ka jera takardun a tabarma ka duba harafi-harafi tun kafin ka cika fom, ka nemi takardar rantsuwa idan sun saɓa.

Sai shaidar zama a jiha, domin kuɗin ɗan jiha ya fi sauƙi. A kwalejojin CUNY na shekara biyu, mazaunin birnin yana biyan dala 210 kowane kiredit, wanda ba mazauni ba 320, kuma sai ka nuna ka shekara a jihar. Takardar haya, takardar haraji, wasiƙar banki mai adireshinka: kada ka zubar da ko ɗaya. Masu zaman mutum biyar a ɗaki da sunan mutum guda su suka fi wahala a nan.

Mataki na 3: Jarrabawar tantance mataki

Ba a faɗuwa wannan jarrabawa, amma ita ke yanke zango nawa za ka yi kafin ka fara karatun da ya kawo ka. Kwalejoji da yawa suna amfani da ACCUPLACER. Tana da sashen karatu, ma'anar jimla, amfani da harshe, da sauraro, kowanne tambaya 20, sai rubutu. Kwamfutar tana bin sawunka: ka amsa daidai ta ƙara wuya, ka kuskure ta sassauta, kuma ba a komawa tambayar da aka wuce. Akwai tambayoyin gwaji kyauta a shafin College Board, masu shirya jarrabawar.

Ni kuskurena, daga aikin dare na wuce kai tsaye, ido jawur, ban san ma za a yi rubutu ba. Ka ba kanka mako uku ko huɗu. Kullum ka rubuta shafi guda a kan tambaya mai sauƙi, misali ko ya fi kyau ɗalibi ya haɗa aiki da karatu. Ka yi barci a daren.

Kada kuma ka nemi wayo a sama. Wani ɗan'uwanmu ya haddace rubutun da abokinsa ya yi masa, ya juye shi, aka kai shi mataki na sama. Mako huɗu ya yi yana kallon bakin malama, ya bari, kuɗin zangon ya tafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan kuwa ka ga an ajiye ka ƙasa da inda kake, ka gaya wa malami a makon farko. Da yawansu sukan ba da ɗan gwajin rubutu ranar farko don irin wannan, kuma ana iya ɗaga mutum.

Mataki na 4: Kuɗi, da ramin da ke cikinsa

Ɗan ƙasa, mai girin kad (katin zama na dindindin), ɗan gudun hijira da wanda aka riga aka ba mafaka suna iya cika fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi ya cika maka, cin ka zai yi. Daga nan ake samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, kuma mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Jihar New York tana da nata, TAP. Wanda ƙararsa ta neman mafaka ke jiran hukunci ba ya samun na tarayya, sai ya nemi ajin kyauta da tallafin da makaranta ko jiha ke da shi.

Ga ramin. Pell yana da iyaka a rayuwar mutum: daidai da zango 12 na cikakken karatu. Duk zangon da ka ci shi a ESL an cire daga ciki. Wanda ya yi zango 5 a ESL, ya yi 5 a digirin shekara biyu, saura 2 ke nan, ga shi yana son digiri na farko. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Shi ya sa nake cewa matakan ƙasa a yi su a ajin kyauta ko a CLIP, wanda ba ya taɓa Pell, a ajiye tallafin sai an kusa fita.

Tallafin kuma yana da sharaɗi: yawanci makinka kada ya gaza 2.0 cikin 4.0, kuma ka gama kusan kashi biyu cikin uku na abin da ka yi rajista. Idan rayuwa ta matse, rasuwa a gida ko canjin aiki, kada ka ɗauke ƙafa shiru. Ka je ofis ka janye a rubuce kafin ranar da aka ƙayyade, a sa maka W, alamar janyewa. Wanda ya ɓace kawai, sakamakon faɗuwa yakan bi shi, kuma idan bai wuce kashi 60 cikin 100 na zangon ba ana iya cewa ya mayar da wani ɓangare na kuɗin.

Mataki na 5: Tsara mako

Lissafin kwaleji shi ne kowace awa ɗaya a aji tana son awa biyu a gida. Kiredit 12, wanda shi ne cikakken karatu, ya zama wajen awa 36 a mako. Mai tuƙin tasi ko kai saƙon abinci awa 60 ya yi wa kansa adalci ya ɗauki rabi. Ka duba azahar ta Juma'a kafin ka zaɓi aji, ka duba inda azumi zai faɗo. 'Yar'uwa mai goyo ki tambayi ko makarantar tana da wurin renon yara, da dama suna da shi, amma layi ne, sai an yi rajista da wuri.

Ranar farko za a ba ka silabas. Ita ce yarjejeniyarku da malami: ranakun jarrabawa, fashi nawa aka yarda, hukuncin aikin da ya makara. Ka buɗe imel ɗin makaranta kullum.

Mu da aka rena da sunkuyar da kai gaban malam, a nan sai mun sake hali. Shiru ba ladabi ba ne a idonsu, akwai maki na sa baki a aji. Malami yana da sa'o'in da yake zaune a ofis yana jiran ɗalibai, kuma sau da yawa ba mai zuwa. Je ka. Sannan kada ka zauna kusa da ɗan garinku. Na yi zango guda kusa da wani ɗan Gine, Faransancina ya ƙara kyau.

Mataki na 6: Inda harshenmu ke tuntuɓe

A nan zan daɗe, domin malaminka mai yiwuwa ya san kurakuran mai jin Sifaniyanci ko Sinanci, bai san na Bahaushe ba. Kai za ka kai masa su.

Sai mu fara da *p* da *f*. A Hausa sauti ɗaya ne, wani ya ce fari, wani pari, mutumin Tawa ya ce hwari, duk an gane. A Turanci kalma ce ke canzawa. A kantin cin abinci na makaranta na taɓa neman cokali mai yatsu, *fork*, matar ta nufi tiren naman alade, *pork*, tana murmushi. Maganinsa takarda ce: riƙe ta gaban baki. A *p* leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle. A *f* haƙoran sama ke hawa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Haka *v* da *b*: *vote* da *boat*. Minti biyar gaban madubi kullum, wata guda, ka ga aiki.

Sautin *th* kuwa, wanda ya yi allo ya riga ya mallake shi bai sani ba. Na cikin *think* shi ne harafin farko na *thumma*, na cikin *this* shi ne na farkon *dhalika*. Harshen da malamin tajwidi ya sa ka fitar tsakanin haƙora, shi ake nema. Haka tsawon wasali: kunnen da ke rarrabe gari na mutane da garin tuwo zai kama bambancin *ship* da *sheep* da wuri.

Babbar matsalar ita ce baƙaƙe a jere. Bakinmu ba ya son su, shi ya sa *bread* ya zama burodi. A tsakiyar kalma mukan cusa wasali, a ƙarshenta mu yanke. To a ƙarshen nan Turanci yake ajiye nahawunsa: *walked*, *asks*, *books*. Wanda bai furta *-ed* ba ba zai rubuta ta ba, kuma jan biron malama a nan ya fi sauka. Ka ɗauki muryarka a waya kana karanta sakin layi ɗaya, ka saurara kana bin rubutun da yatsa.

A nahawu, huɗu ne suka fi bin mu. Muna cewa "Malam ya zo", sai mu rubuta *The teacher he came*. Turanci ba ya son wakilin suna bayan suna. Mota mace ce a wurinmu, sai ta zama *she*. A can *it* ce. "Na zo" guda ɗaya a Turanci ta rabu biyu, *I came* da *I have come*, kuma "ina nan tun 2019" ita ce *I have been here since 2019*, ba *I am here* ba, kuskuren da Faransanci ma ke ƙara tura mu ciki. Sai *a* da *the*, waɗanda ake cewa ba mu da su. Muna da kusan su. "Na sayi wata mota. Motar ja ce." Wata ita ce *a*, wannan *-r* ta ƙarshen motar ita ce *the*. Ba kullum yake dacewa ba, amma ranar da na gane haka rabin jan biron ya ragu.

Akwai kuma kalmomin da muke ɗauka da kayansu. Muna shan magani, su *take* suke yi. Muna jin wari, su ba sa *hear* ɗinsa. Aro ɗaya ne a wurinmu, su suna da *borrow* da *lend*. "Ina zuwa" da muke faɗa muna fita, idan ka ce *I'm coming* za a tsaya ana kallon ƙofa. Masu Faransanci kuma su kula da kalmomi masu kama da juna: *library* ba kantin littattafai ba ne, *attend* ba jira ba ne, *actually* ba yanzu ba ne. Amma kada su raina abin da suke da shi, domin kalmomin ilimi na Turanci da yawa daga Faransanci da Latin suka fito. Ka buɗe littafi na musamman, kowane kuskure da aka gyara maka ka rubuta shi da gyaransa, ka duba shi kafin ka miƙa kowane aiki.

Mataki na 7: Karatu da rubutu

Aji kaɗai ba ya cika rumbun kalmomi. Binciken Paul Nation ya nuna mai son karanta jarida ko littafi ba tare da ƙamus a hannu ba yana bukatar tushen kalma 8,000 zuwa 9,000. Hanya mafi kusa ita ce karanta abu mai sauƙi da yawa. Ka karɓi katin laburare, kyauta ne, ka nemi littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki. Idan kalmomin da ba ka sani ba sun wuce biyar a shafi, sauka ƙasa. Minti 30 a jirgin ƙasa kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Ka haɗa da jerin kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, yana nan a intanet, kalma biyar a rana, kowacce cikin jimla taka.

Rubutu shi ne mai tsaron ƙofar fita. Mu idan za mu yi magana mai nauyi, sai mun yi sallama, mun share fage, mun kawo karin magana, sannan a ƙarshe mu sauke abin da ke tafe da mu. Wanda ya yi lise, babbar sakandare ta tsarin Faransanci, kuma an koya masa ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, ya sulhunta su. Rubutuna na farko haka na yi shi, ina alfahari, malamar ta rubuta a gefen shafi na biyu cewa har yanzu tana jiran ta ji matsayina. A rubutun kwalejin Amurka, matsayarka tana zuwa a jimla ɗaya a ƙarshen sakin layi na farko. Kowane sakin layi bayan nan hujja ɗaya yake ɗauka, jimlarsa ta farko ta faɗe ta, sauran su kawo misali. Da farko za ka ji kamar shiga gida ba sallama. Ka daure.

Cibiyar taimakon rubutu kyauta ce a kusan kowace kwaleji. Ba za su rubuta maka ba, ba kuma za su gyara maka duka ba. Ka je kwana biyu kafin ranar miƙawa da tambaya takamaimai: "A duba mini *a* da *the* a shafin nan."

Sai satar rubutu. Mu da muka tashi da hadda, maimaita maganar malami kalma-kalma girmamawa ce. A nan laifi ne da ke jawo sifili, wani lokaci kora. Duk jimlar da ba taka ba sai ka sa ta cikin alamar zance ka faɗi mai ita, bisa tsarin ambaton madogara da malami ya zaɓa, MLA ko APA. Rubutawa da Hausa ko Faransanci a juye a Google Translate, ko a sa ChatGPT ya rubuta, malamai da yawa suna lissafa shi cikin wannan laifi, kuma sun san hannunka daga rubutun cikin aji. Ko ba a kama ka ba, ranar jarrabawar ƙarshe daga kai sai biro.

Mataki na 8: Fita

Tun zangon farko ka zauna da jami'in da ke ba ɗalibai shawara ka ce ya zana maka hanya a takarda: mataki nawa ya rage, wace jarrabawa ko wane maki ke fitar da mutum, kuma wane zango za ka shiga darasin rubutu na shekarar farko, wanda galibi ake kira ENG 101. Ka tambayi kwasa-kwasan da aka yarda ɗan ESL ya haɗa da su. Lissafi ya fi dacewa, musamman ga wanda ya yi bak na kimiyya, sai kwamfuta. Ka tambaya ko ana iya gwajin Faransanci ko Larabci a ba ka kiredit ko a yafe maka darasin harshen waje. Ga Faransanci akwai jarrabawar CLEP, wadda kwalejoji da yawa ke karɓa. Ajin bazara ma yana rage zango guda ga mai iya jure zafin gudunsa.

Idan niyyarka aikin jinya ce ko wani fannin lafiya, ka sani ana gasa a kan guraben, kuma makin ENG 101 yana cikin abin da ake dubawa, don haka kada ka haɗa shi da kwasa-kwasai masu nauyi a zango ɗaya. Kafin ka bar sashen ESL ka roƙi malamin da ya fi sanin rubutunka ya yarda ya rubuta maka takardar shaida idan bukata ta taso, ka karɓi imel ɗinsa, domin da yawansu malaman wucin gadi ne, zango mai zuwa wataƙila suna wata makarantar.